Littafin Mu'minatu a Gafakar Kaka Atu

Fakku, Kebbe

Zuwa ga Mu'minatu, likitar da ba ta kai likita ba.

Assalamu alaikum. Gaisuwa daga taubashinki kuma ubangidanki, da fatan allurarki ba ta kashe kowa ba. Sabis ɗin waya ya yi wa Fakku yaji, sai ki yi haƙuri da ajamina. Sambo ɗan kabu-kabu zai miƙa miki.

Ƙaton littafin aikinku da kika manta ranar sunan ɗan 'yar'uwarmu Hamdiyya shina nan, ya ma fi ki daraja. Kakarmu Atu ta ga kaurinsa, ta ce irin wannan ba a aje shi ƙasa. Ta sa shi cikin gafakar mijinta marigayi Malam, ba ta taɓa shi sai da alwala. Na ce mata duk ciwon duniya na ciki da maganinsa. Jiya ta miƙo mini allo, wai in rubuta mata shafin ciwon ƙafa ta wanke ta sha. Na ce rubutun Turanci ba ya shawuwa sai da madara.

Turancin ya fi ƙarfina, amma nika duba hotuna. Mi ya sa aka feɗe mutum awa ragon layya, kuma shina murmushi? Akwatunan nan masu kibiyoyi fa, hatimi ne? Sannan akwai hoton ƙafa mai gyambo a ƙasan babban yatsa, bakinsa fari. Sak irin na amaryata Atu, wanda ƙaya ta yi mata tun kafin girbi. Na zano miki haruffan da ke ƙarƙashinsa yadda na gan su. Mi suka ce?

Ki gaida mutanen Tambuwal.

Shafi'u, sabon likitan Fakku

Tambuwal

Shafi'u,

Wa alaikumus salam. Ina fata kowa na lafiya. Idan wannan ma cikin shaƙiyancinka ne, Allah ya isa. Idan gaskiya ne, ka natsu.

Ba hatimi ba ne. Littafin jagorar ma'aikatan lafiya ne: akwati ya yi tambaya, kibiya ta kai ka ga mataki na gaba. Abin da ka zano yana nufin gyambon mai ciwon suga. Ka lura mini: Kaka tana yawan shan ruwa? Tana yawan fitsari? Tana jin zafin gyambon? In ba ta ji, abin ya fi muni. Akwatin ƙarshe na shafin cewa ya yi a kai mara lafiya babban asibiti ba jinkiri, don ana iya rasa ƙafar. Kada a zuba toka ko kanwa. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a kawo ta.

Ka gaida Kawu babanka, da ita Kaka.

Mu'minatu

Fakku

Mu'minatu,

Bayan sallama. Duk abin da kika lissafa haka yake. Randar ɗakinta ba ta wuni da ruwa, buta ba ta hutawa. Na latsa gefen gyambon tana ta ba ni labarin tsadar gero. Har tururuwa na ga suna taruwa inda ta zaga. Shi ma littafin ya san da wannan?

Na gaya wa Baba, ya ce in je in nemi wanda zan yi wa wasa. Ita kuma ta ce asibiti can ne ake shiga da ƙafa biyu a fito da ɗaya, kuma ko Malam bai taɓa zuwa ba.

Sai na yi alwala, na shimfiɗa buzu, na ciro littafin, na zauna awa mai tafsiri. Na ja baƙin da ban sani ba, na fassara da maganarki, akwati bayan akwati. Da na kai na ƙarshe na ce, "Amarya, littafi ya yanke hukunci, sai Tambuwal."

Ta daɗe tana kallona. Ta karɓi littafin ta mayar gafaka. Na ce wa Sambo ya biyo da safe ko Allah zai sa. Ban san abin da zan ƙara yi ba.

Wassalam.

Shafi'u

Tambuwal

Shafi'u,

Salamun alaika. Sun iso ita da Kawu. An auna, sugan ya hau sosai, an ba ta gado. Likita ya ce akwai fatan ƙafar za ta tsira.

Na tambaye ta ko fassararka ce ta kawo ta. Ta ce, "Wace fassara? Mijin nan nawa a juye ya riƙe littafin. Amma tun da aka haife shi ban taɓa ganin ya kai ƙarshen magana bai yi dariya ba, sai ranar."

Ta ce ka kula mata da awaki. Ka huta lafiya.

Mu'minatu