Teku da tafkin Guci

Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Ikko? Mu a Magarya lafiya, sai kunya.

Shekara uku ina karanta wa 'yan lakwal, wato 'yan makarantarmu, labarin masunta, ina ce musu teku kamar tafkin Guci yake da damina. Ran Laraba wani Nasara ya kawo majigi, muka toshe tagogi da zana, ya nuna labarin. Yaya, ruwa ya miƙe ya fi rimi tsawo! Wata yarinya ta ce mini (Mushe suke kiran malami a nan), "Mushe, ina gaɓar?"

Ka gaida mutan gida, a sa ni a addu'a. Kai da kake ganin teku kullum, rubuto mini yadda yake, in daina yi wa 'ya'yan mutane ƙarya.

Ƙanenka,
Isufu