Katangar da Na Gina a Ɗakin Gashi

Yaya Malam,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka. Ya ƙafar Inna? Ni da sauƙi, sai dai murya ta dushe, shi ya sa na rubuto.

Saƙonka ya iso ta bakin maigidana, wai in daina wasa da aya. To Yaya, bari ka ji yadda ake gashin ciwon dajin maƙogwaro da inji a asibiti. Kwantar da ni ake yi, a kifa mini wata ragar roba da aka ƙera daidai fuskata, a ɗaure ta da tebur, kowa ya fice. Leɓe ba ya motsi, balle karatu. Ran farko na yi ta dukan teburin har suka kashe injin. Likita ta ce in ba zan iya kwanciya shiru ba, sai dai a haƙura da maganin.

Washegari na ɗauko ayar neman tsarin nan da marigayi Baba ya koya mana. Tunda baki ya ƙi, sai na gina ta a zuci. Kowace kalma bulo ce, ina ɗorawa har katanga ta kewaye ni, in ja ƙofa, in zauna a tsakar gida ina tsefe wa 'yata kai. Injin ya yi ta gurnaninsa a waje, ko gezau.

Ka ce babu wannan fassarar a littattafanka. Na yarda, babu. Amma masu rubuta su ba a taɓa ɗaure musu fuska da tebur ba. Wallahi ba zan daina ba, ko za ka yi shekara kana fushi.

A gaida kowa.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Auta

*

Yaya Malam,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, an gama gashin, ban tsallake ko rana ɗaya ba. Jiya aka yi hoto. Ciwon bai ragu ba, ya ma sauka ƙirji.

Na san abin da ke bakinka, haɗiye shi. Ni ban gina katangar don ta tare ciwo ba, wannan na Allah ne. Tsoro na gina wa ita, kuma bai shigo ba. Da likita ke bayani, ita ce muryarta ke rawa, har na miƙa mata ruwa. Maigidana kuwa ya zauna a matakalar asibiti yana kuka, ni na lallashe shi.

Na ji zafin maganarka, ba zan ɓoye ba, amma ina kewarka ƙwarai. Ka zo da wuri. Kada ka zo da gardama, ba ni da muryar yin ta. Kai za ka faɗa wa Inna, kuma kai za ka riƙe mini yarinyar nan.

Ban ce ba zan mutu ba, Yaya. Cewa na yi ba zan mutu a firgice ba.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta