Fitilu Biyu a Motar Yola

Baba,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar taka? Ina gaida Inna da Yaya Maliki da duk mutanen Kachalla Sembe. Ni lafiya lau, sanyin Jamus ma na fara sabawa da shi.

Akwai abin da na ɓoye maka. Watan jiya na faɗi jarrabawar baka ta kimiyyar fiziks. Ina tsayawa gaban malamai Jamusancina ya gudu, na kwana biyu abinci ba ya shiga.

Jiya na sake shiga, malaman suka ce in yi bayanin alaƙar lokaci da motsi. Na ce su ɗauka motar Yola na gudu kusa da saurin haske, fitila ta kama a gabanta, wata a bayanta. Mai tsaye a bakin titi ya ce tare suka kama, fasinjan tsakiya ya ce ta gaba ta riga. Dukansu gaskiya suka faɗa, domin "lokaci ɗaya" ya danganta da motsin mai aunawa.

Na ci, Baba! Wata farfesa a cikinsu ta tambaye ni wa ya koya mini bayani haka. Na ce mahaifina ne, shekara talatin yana riƙe da alli a Jalingo. Ta ce in gaishe ka.

Ka ce wa Inna ta aiko mini yaji. Ka ci gaba da sa mini albarka.

'Yarka,
Fadila