Dawa Bayan Barkono

Sabon Birni, Litinin

Jikata Basira, amaryata ta Isa,

Gaisuwa mai yawa. Yau jikin da sauƙi. Tari ya bar ni na sha kunu, ƙafafu dai sun ƙi kai ni masallaci. Kunnena ya daina jin waya, sai dai Illo mai mashin ya riƙa kai miki takarda.

Shi ya ce kin kafa injin niƙa a ƙofar gida. Allah shi yi albarka. Jiya da hantsi barci ya sace ni a zaure, na gan ni cikin tsohuwar rumfata ta awon hatsi, kakarki marigayiya Habi tana sheƙar gero, yana ta zubowa bai taɓa ƙasa ba.

Shekara arba'in na yi ina awo, ƙafar mai saye nake fara dubawa. Wadda caɓo ya kai wa ƙwauri daga nesa take, ita ake fara sallama.

Yaushe za ni gan ki?

Kakanki, Labbo

Isa, Talata

Angona mai sanda,

Ina gaishe ka, ya jiki? Na yi ɓarna. Na niƙa wa maƙwabciya barkono, ban wanke injin ba na zuba dawar Inna Binta ta ƙauyen Turba, ƙetaren gulbi. Tuwo ya fito ja, jikokinta sunka kwana da yunwa. Da ta dawo tana faɗa, sai na ce ai ɗan yaji ne. Ta ce, “To ki tuƙa wa mijinki!” Yanzu matan Turba wuce ni suke yi zuwa injin bakin tasha.

Juma'a za ni zo. Ka aske gemun nan.

Taka, Basira

Sabon Birni, Laraba

Basira,

Bayan gaisuwa, na tashi da jiri, amma hannu na riƙe biro.

Kin yi kuskure biyu, na bakin ya fi muni. Ki tare Inna Binta a hanya ki durƙusa. Ki wanke injin a gaban matan Turba, ki fara niƙa tafi ɗaya na dawarki, ki lasa suna kallo. Kuma kada macen da ta ƙetaro gulbi da kaya a ka ta iske ƙofarki rufe, ko wace rana ce.

Kwanakin nan ina zaune sai in ji hayaniyar kasuwa cikin ɗakina, mutanen da sunka daɗe da rasuwa suna taya dawa. Ba su ba ni tsoro. Fuskar mai rai dai nake son gani kafin in saba da su.

Gemu yana nan, ki zo da almakashi.

Labbo

Isa, Alhamis

Kaka,

Barka da hutawa. Na durƙusa, na wanke, na lasa har na ƙware. Inna Binta ta yi dariya ta ce, “Tashi, ɗiyar nan, kin isa.” Ta ce jibi akwai bikin suna a gidan ɗanta, ƙila ta aiko da hatsi. Gobe ina tafe da na sallami masu kawo niƙa.

A huta lafiya, Basira

Sabon Birni, Juma'a bayan la'asar

Amaryata,

Ina gaishe ki. Numfashi yau gajere ne, takardar ma haka.

Tun hantsi na sa anka fito da ni ƙofar gida. Duk mashin da ya karyo kwana sai in gyara hula. Illo ya iso shi kaɗai. Ya ce mata goma sha ɗaya na Turba ya bari a rumfarki da buhunan suna, ke kuwa fari fat da gari, ko ɗago kai ba ki yi ba.

Na so in yi fushi, na rasa da wa. Ni na ce kada ki rufe. Kada ki rufe ɗin.

Hadari ya taso, za su mai da ni ciki. Na ce a naɗe tabarmar da anka shimfiɗa miki. Ba ki zo ba.

Kakanki, Labbo