Babana Ya Ce "Na Miya Kawai", Yanzu Za a Rufe Masa Ruwa

Teta Vinka, don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya ɗaure. Mijina ya gaji da maganar nan, da na ɗauko ta sai ya tuna yana da aiki a waje. Mahaifiyata kuwa kuka kawai take sa mini. Ke na ga ya dace in kawo wa, don na san ke ma a bakin ruwa aka haife ki.

Ni 'yar masunci ce daga wani ƙaramin tsibiri. Ba zan faɗi sunansa ba, mu kaɗan ne, kowa zai gane ni. Kifi ne ya kai ni jami'a, yanzu kuma ina aiki a wata cibiyar binciken teku a birni. Aikin da ke hannunmu shi ne mu ba hukuma shawarar yadda za a raba gaɓar tsibiranmu, inda za a bar wa masu ƙananan jirage, da inda za a rufe don kifi ya huta ya hayayyafa. Na yarda da aikin nan har cikin raina, don da idona na ga yadda ruwanmu ke tsiyacewa.

Lokacin da aka zo kan tsibirinmu ina hutun haihuwa. Shugabata Farfesa Zdenka ce ta je da ɗalibanta. Mutuniyar kirki ce, sai dai 'yar cikin ƙasa ce, teku a littafi ta fara saninsa. Mutanenmu suka karɓe su hannu bibbiyu, aka cika su da kifin sardin mai gishiri da ruwan inabi, sannan baƙi suka shiga tambaya: a ina kuke su, kuma me kuke samu?

Teta, kin riga kin san amsar. Tun da nake ban taɓa jin masunci ya ce ya samu ba. Ko jirgi na neman nutsewa don nauyin kifi, in ka tambaye shi sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kayya, na miya kawai." In ka ce daga ina, ya nuna maka da haɓa inda bai je ba. Su ba sa kiran wannan ƙarya, tsoron baki ne, kuma haka suka tarar. To babana ya nuna gabas. Maƙwabcinmu Barba Roko ya nuna gabas. Kowa ya nuna gabas kamar an haɗa baki, alhali ba wanda ya tuntuɓi wani. Gaskiyar kuwa, da hunturu duk garin da wani lungu na yamma muke ci, muna kiransa Gindin Ɓaure, don nan kaɗai muguwar iskar hunturu ba ta dukan jirgi.

Da na koma aiki sai na tarar an gama rahoto. An ba da shawarar a rufe Gindin Ɓaure ɗungurungum, tunda ba mai su a wurin, a bar gabas a buɗe, tunda a can abincin jama'a yake. Farfesa har da murnarta, ta dafa ni ta ce, "Kin ga tsibirinku ne ya fi ba mu sauƙi, ba wanda za mu taɓa wa abinci." Na shiga banɗaki na yi dariya kamar mahaukaciya, daga nan sai kuka. Ƙarshen wata mai zuwa za a miƙa wa hukuma.

Na ɗauki jaririna na tafi gida. Na sami Baba yana ɗinkin raga, na zayyana masa komai. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Wa ya ce miki ina zuwa Gindin Ɓaure?" Na ce haba Baba, ba a can ka koya mini tuƙi ba? Sai ya ce, "To abin da kika gani a jirgina ba na jami'a ba ne. Ki sa sunan wurin nan a takarda, kafin bikin Ista 'yan birni da manyan injinansu sun share shi tas. In kin yi, ki nemi wani uban." Maganar rufewa kuwa tsaki ya ja, wai tun yana saurayi gwamnati ke cewa za ta yi kaza, ga shi har ya tsufa.

Abin da ke cin raina shi ne ba duka ya yi kuskure ba. Na san wani tsibiri da aka buga taswirar wurin sunsu, bazara ɗaya masu jiragen shaƙatawa suka kwashe shi. Amma wannan karon rufewar da gaske ce, har da jirgin sintiri. Baba ya haura saba'in, jirginsa na katako ne, injin sai an lallaɓa. Na san halinsa, in aka hana shi yamma ba zama zai yi ba, gabas zai nufa da tsakiyar hunturu. Wannan ne tsorona, Teta, ba kifin ba. Ina tsoron a zo a ce mini an ga jirgi ba a gan shi ba.

Ga kuma wurin aiki. In na yi magana za a ce tana kare ubanta ne, kuma ni kaina na san lungun nan yana bukatar hutu lokacin da kifi ke zuba ƙwai. Mama ta ce, "Ke kika yi karatu, ki san yadda za ki yi, amma kada ki raba mini gida." In tona in rasa uba yana raye, ko in yi shiru in zuba ido? Ki gaya mini gaskiya ko da ɗaci.

'Yar Masunci Mai Ƙafa Ɗaya a Ruwa

'Yata,

Na tausaya miki ƙwarai, kuma ki yafe mini, sai da na yi dariya a wurin nuna gabas ɗin nan. Kakana ya mutu bai taɓa kama abin da ya wuce na miya ba, amma da na miyan ya gina gida mai bene.

Fara da sauke wannan nauyin: babu mugu a labarinki. Farfesarki ta yi tambaya cikin mutunci, ta rubuta abin da aka gaya mata. Babanki ya tsare abin da ubansa ya tsare, kuma kin faɗa da bakinki cewa tsoronsa yana da tushe. Sai dai shirun da kike tunani ba zaɓi ba ne. Rahoton da kika san ba daidai ba ne bai kamata ya fita da sunanki a kai ba, balle ga ran dattijo a ciki.

Kin haɗa abu biyu wuri ɗaya, shi ya sa kika rasa mafita. Sunan wurin daban, al'adar daban. Sunan ba naki ba ne, kada ki furta shi. Amma cewa masuncinmu ba ya faɗin inda ya je, wannan ba asirin kowa ba ne, duk wanda ya taɓa sayen kifi a tasha ya sani. Ki shiga ofishin Farfesa a makon nan, ki ce mata amsoshin tsibirinku ba abin dogaro ba ne, ki gaya mata dalili, ki roƙi a dakatar da wannan sashen a sake komawa. Ki faɗa mata da kanki cewa mahaifinki yana cikin waɗanda abin ya shafa, ki ce kada a sa ki cikin masu yanke shawara a kan tsibirin. Wanda ya fara faɗin haka da bakinsa, ba a samun abin yi masa gori. Ki kuma nemi alkawari tun kafin kowa ya buɗe baki, cewa ba sunan lungu ko taswirarsa da za a buga wa duniya.

Daga nan ki koma gida, amma kada ki sake tarar Baba shi kaɗai a kan ragarsa. Namiji irinsa ba ya janye magana a gaban 'yarsa. Ki bi ta wurin matan da ke gyaran kifin, su ne za su ji a jikinsu in hunturu ya zo babu komai, kuma sun san yadda ake juya mazansu. Ki sami Barba Roko ma. Ki tuna musu abin da kowa ya sani ba mai faɗa: asirin nan da kowannensu ke ɓoyewa, daga mutumin da ke jefa raga kusa da shi yake ɓoye shi. In suka zauna da Farfesa a ƙungiyance, ba wanda ya tona, gari ne ya yi magana. Kada kuma ki ɓoye musu naki sanin. Ki ce musu wurin yana son hutu lokacin ƙwai, su da kansu su kawo watannin da za su iya haƙura, a bar musu hunturu. Mutum ya fi kiyaye dokar da ya sa baki a cikinta.

Ba zan yaudare ki ba, mai yiwuwa Baba ya ɗauke miki wuta ko da kin bi duk wannan a hankali. Ki jure. Ki ci gaba da zuwa, ki ɗora masa jikansa a cinya, ki ci miyar gidan ko ba a ce miki sannu ba. Uban da ke fushi da ke amma yana dawowa gida da ransa da yamma, shi ake iya lallashi.

Shi dai babanki ba zan yi masa fatan sa'a ba, kin san in aka yi wa masunci sai ya juya gida ya fasa fita ranar. Ke nake yi wa. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya raya yaron, ya bar miki babanki ki daɗe kina shan faɗansa.

Teta Vinka