Motar Albasar Baffa

Daren Alhamis, unguwar Minanata

Yau na gama motar. Tun bayan sallar layya nake harhaɗa ta da ƙananan bulollukan roban nan na wasan yara, ba tare da wani zane ba, daga kaina kawai. Kai ja, bodi shuɗi, buhunan albasa har sun haura ƙarfen sama, sak motar da Baffa Sani yake ja a da. A saman buhunan na zaunar da ɗan mutum mai farar hula.

A can Baba yake zaune ranar da motar ta kife. Kayan nasa ne, amma Baffa ya ba wani fasinja gidan gaba, ya ce yayansa ya hau sama ya sha iska. Nan take Baba ya rasu. Baffa ko ƙwarzane bai yi ba.

Yau da Baffa ya shigo gaida Inna bayan la'asar, na ajiye masa ita a kan tabarma. Na ce, "Baffa, kai ka san mota. Duba mini ko na yi kuskure."

Ya daɗe yana kallo. Sai ya ciro ɗan mutumin, ya buɗe ƙofa, ya zaunar da shi kusa da direba. Ya ce, "Bar shi nan, ɗana, don Allah."

Na ce, "Ai wurin da mai shi, Baffa."

Na mayar da Baba saman buhu a gabansa. Ko ruwan da Inna ta kawo bai sha ba. Ta ce ba ni da imani. Wataƙila. Gobe a zaure zan ajiye ta, inda yake cire takalmi.