Kujerar da ke Hagunki

Zuwa ga Malama Griselda, ruwan sanyin maƙoshina kuma garwashin ƙirjina, furen kofi na kan tudu mai ƙamshi da hantsi, wadda yatsunta goma suka fi ƙarfin mazan garin Ibagué kaf ɗinsu. Ina gaishe ki don na saba gaishe ki, amma raina a ɓace yake.

Ashe haka kike? Jiya Doña Remedios mai sharar makarantar kiɗa ta tare ni a bakin ƙofa, tsintsiya a hannu, ta ce, "Kai ma dai Evaristo, kana nan kana fama da katako an ba wani kujerarka! Ranar Asabar Malam Aristides ne zai juya mata shafi." A bakin mai shara zan ji, Griselda? Shekara tara ina zaune a hagunki a gaban fiyano, a ce ban kai ki faɗa mini da bakinki ba?

In kin manta, bari in tuna miki. Ƙafar bencinki na zo gyarawa, ana saura awa ɗaya a fara taron kiɗa, wadda za ta juya miki takarda kuma ba ta zo ba. Kika dube ni daga sama har ƙasa kika ce, "Kai kafinta, je ka wanke hannu. Ba ruwanka da rubutun, ni za ka kalla. In na sunkuyar da kai, ka juya." Na ari kwat wadda ta matse ni a hammata, na zauna. Wayyo ni! Tun daga ranar ban sake kallon wata mace ba, ina ma na samu sarari? Na haddace wuyanki, na haddace numfashinki, na san yadda girarki ke ɗagawa kafin wuri mai wuya. Hannunki ruwan sama ne a kan kwano, ni kuwa busasshiyar gona. Shafi dubu nawa na juya miki? Sau nawa na makara? Faɗi mana, ke da ba ki mantuwa da laifi!

Sau ɗaya tak na kuskure, a taron ƙarshen zangon da ya wuce, kuma Allah ne shaida ba ni na jawo ba. Zaure ya cika da iyayen ɗalibai, kina tsakiyar wurin nan mai sanyi na kiɗan inda ko tari ba a yi, sai ƙofa ta buɗe. Aristides ɗin nan, sabon malamin babban goge da aka kawo mana daga Bogotá, ya shigo a makare, gashi na ƙyalli da mai. Kika sunkuyar masa da kai. Ke da kika hana ɗalibai ɗaga wa uwayensu hannu daga kan dandamali, ke kika gaishe da namiji a tsakiyar kiɗa! Ni kuma na miƙe na juya shafi, don abin da kika koya mini ke nan. Yatsunki suka harɗe, kika lalubo hanya da ƙyar.

Da a nan kika tsaya, da na haɗiye. Amma a walimar bayan taro, ana cin tamal, alalar masarar nan da ake naɗewa a ganyen ayaba, a gaban iyaye da shugaban makaranta, kika yi dariya kika ce, "Laifina ne da na zaunar da wanda ko bihim bai sani ba." Suka bushe da dariya, har da mai gashin. Haba Griselda! Yau kika san ban iya karanta ɗigo-ɗigon rubutun kiɗan nan ba? Shekara tara jahilcina yana yi miki daɗi, sai da mai takardar shaida ya iso ya fara yi miki wari? Kin ci amanata, kin kuma ɗora mini kunyar da take taki ce. Na ji haushinki har na kasa cin abinci kwana biyu, abin takaicin kuma, ina jin haushin ina kewarki.

To ki zaunar da shi. Shi takarda zai kalla, ba ke ba. Bai san kin haddace layin ƙarshe na kowane shafi kina son a juya tun kafin ki kai ba. Bai san gumi na sauko miki a ido ba, bai san kusurwar shafi na sha ɗaya ta yage ba. Zai juya daidai yadda aka rubuta, ya makara miki kowane shafi, ni kuwa ba zan ji tausayinki ba. Ƙarya nake yi, zan ji, kuma wannan ma ban yafe miki ba.

Ban roƙe ki aure a takardar nan ba, na gaji da wannan roƙon. Kujerata nake so, da kalma ɗaya a gaban waɗanda suka yi dariya, cewa ba ni na yi kuskure ba. Ki aiko kafin azahar ɗin Juma'a. In ba ki aiko ba, zan zo taron kiɗan Asabar ɗin duk da haka, in zauna a layi na biyu inda kowa zai gan ni. Na san hannun hagun nan nawa, ba ya jin magana. Duk sanda kanki ya sunkuya zai tashi sama shi kaɗai, yana neman shafin da babu, tun daga farkon kiɗa har ƙarshe. Jama'a su kalla su tambayi juna wa ya mai da mutum haka.

Naki har ƙasa ta rufe idona, ko kin so ko kin ƙi,
Evaristo kafinta